Kwana biyu a bakin Nærøyfjord: a nemi gado kafin a sayi tikiti

Na shiga yankin Nærøyfjord na ƙasar Norway ne ta jirgin ƙasa daga Oslo a tsakiyar watan Yuni, na kwana biyu a Aurland, na fita ta Gudvangen da Voss zuwa Bergen. Wannan hanya ita ce mafi yawan baƙi ke bi, sai dai da yawansu a yini ɗaya suke ratsa ta, su baro Oslo da sassafe su isa Bergen cikin dare a gajiye, ruwan da suka zo dominsa kuwa awa biyu kacal suka gan shi. Ba rashin sha'awa ke jawo haka ba. Gado ne babu. Ƙauyukan da ke bakin ruwan ƙanana ne ƙwarai, Flåm da ya fi su suna mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne, kuma ɗakunan haya na Yuni da Yuli da Agusta sukan ƙare tun watanni kafin lokacin. Saboda haka tsarin tafiyar daga masauki yake farawa. Idan an kama ɗaki, sai a ɗora ranakun jiragen a kansa.

Abin da mutanen Norway ke kira fjord, ana furta shi kamar fiyod, reshen teku ne da ya kutsa cikin ƙasa tsakanin duwatsu masu tsayi. Tarin ƙanƙara mai nauyi ne ya yi dubban shekaru yana gangarowa yana ƙwaƙule kwari, da ya narke sai ruwan teku ya cike gurbin. Shi ya sa ruwan yake da gishiri ko da an yi nisa da gaɓar teku, shi ya sa kuma yake da zurfin da manyan jirage ke shiga har ƙuryarsa. Uwar wannan yanki ita ce Sognefjord, mai tsawon kimanin kilomita 205 da zurfin da ya haura mita 1,300 a wani wurin. Daga jikinta Aurlandsfjord ya ɓalle ya yi kudu, daga shi kuma Nærøyfjord ya sake ɓallewa, tsawonsa kusan kilomita 18, a matsattsen wurinsa faɗinsa bai wuce mita 250 ba. A 2005 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya tare da Geirangerfjord.

Wurare huɗu ne mai neman kwana zai auna. Flåm shi ne mahaɗa: tashar jirgin ƙasa, matsayar jirgin ruwa, tashar bas da kantin kayan abinci duk suna cikin tafiyar minti biyar da ƙafa. Akwai tsohon otal ɗin Fretheim, akwai ƙananan masaukai, akwai filin kafa tanti mai ɗakunan kwana na haɗaka. Sauƙinsa ba a magana, tsadarsa ma haka. Matsalarsa ita ce manyan jiragen yawon shaƙatawa da ke tsayawa a nan, jirgi ɗaya kan sauke mutanen da suka ninka mazauna ƙauyen sau da yawa, daga hantsi zuwa la'asar wurin ya koma kamar kasuwa ranar cinta. Da yamma idan jirgin ya tashi sai gari ya yi tsit. Hukumar tashar ruwan Aurland tana wallafa jadawalin zuwan waɗannan jirage a intanet, kuma duba shi kafin zaɓen rana ya fi kowace dabara amfani.

Ni Aurlandsvangen na zaɓa, wato tsakiyar Aurland, kimanin kilomita 10 daga Flåm, tafiyar kusan rubu'in awa a bas. Nan ne cibiyar ƙaramar hukumar, akwai kantunan da 'yan gari ke sayayya, jirgin ruwa yana tsayawa, kuma daga bakin ruwa ana ganin fiyod ɗin ya miƙe hagu da dama, ba kamar Flåm da ke can ƙurya ba. Abin lura shi ne motocin bas ba su da yawa, da yamma kuma raguwa suke yi, na Asabar da Lahadi sun fi ƙaranci. Wanda jirginsa zai iso Flåm da dare ya tabbatar akwai bas bayan isowarsa, domin tasi a nan ba a tare ta a titi, kira ake yi, kuma kuɗinta na iya cinye ribar da aka samu a kan ɗakin.

Gudvangen yana ƙarshen Nærøyfjord, duwatsu sun rufe shi ta kowane gefe, ga magangarar Kjelfossen tana zubowa daga can sama. Masaukansa kaɗan ne. Undredal kuma ƙauyen makiyayan awaki ne mai shiru, ya dace da mai mota ko mai son ya yini bai ji ƙarar komai ba sai ruwa. Idan duk waɗannan sun cika, Voss ne mafita. Gari ne sosai a kan layin dogo, yana da otal-otal da kantuna, kuma tsakaninsa da Gudvangen kusan awa ɗaya ne a bas.

Inda aka fi yin kuskure wajen kama ɗaki shi ne yarda da nisan da shafin ya rubuta. Za a ga an ce kilomita uku daga tsakiyar gari, amma ma'aunin a miƙe yake kamar tashin tsuntsu, gidan kuwa yana kan dutse ko a ƙetaren ruwa, hanyar mota ta ninka haka, bas kuma ba ta bi. Maganinsa shi ne a ɗauki adireshin a sa a taswira, a nemi hanyar ƙafa daga matsayar bas mafi kusa, a duba hawan da ke ciki. Mai jan akwati mai taya kada ya karɓi abin da ya wuce tafiyar minti goma sha biyar.

Ɗakin da ya fi dacewa da iyali ko abokan tafiya uku zuwa biyar shi ne wanda suke kira hytte, ɗan gidan katako mai gadaje da wurin girki. Farashin da ake nunawa sau da yawa na ɗakin ne zalla. Bargo da filo suna nan, amma zanin gado da rigar bargo da rigar filo da tawul haya ake ba da su, kuɗin kowane mutum daban, ko kuma mutum ya zo da nasa. Sharar ƙarshe ma haka take: ko ku share ku goge ku wanke kwanuka ku kwashe bola kafin fita, ko ku biya a yi muku, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Mafi arha a cikinsu ba su da banɗaki ko famfo a ciki, sai a ginin haɗaka, wani wurin ma ruwan wanka mai zafi sai an biya na 'yan mintuna. Ga mai alwala sau biyar a wurin da asuba ke da sanyi, banɗaki a cikin ɗaki ya cancanci ƙarin kuɗinsa. A sa ƙaramar buta ta roba a kaya, domin ba za a tarar da ita ba. Takalmi kuma a bakin ƙofa ake cire shi, al'adarsu ke nan kamar tamu.

Shiga ɗaki yawanci daga ƙarfe uku ko huɗu na yamma ne, fita kuma sha ɗaya ko sha biyu na rana. Ƙananan masaukai da yawa ba su da mai tarbar baƙi da dare. Lambar buɗe ƙofa ko ta akwatin makulli ake turowa ta saƙon waya ko imel ranar zuwa. Wanda layinsa ba ya aiki a can zai tsaya a ƙofa da kayansa. Ni tun a tashar Oslo, inda akwai intanet, na buɗe saƙon na ɗauki hotonsa, na kuma rubuta lambar a takarda.

Akwai masu jin labarin 'yancin kwana a daji su ɗauka sun huta da biyan masauki. 'Yancin gaskiya ne, dokar 1957 ta tabbatar da shi: ana iya kafa tanti a ƙasar da ba gona ba, ba makiyaya mai shinge ba, aƙalla mita 150 daga gidan da ake zaune a ciki, har kwana biyu a wuri ɗaya. Amma a bakin waɗannan ruwaye shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kaɗan ce, kuma kusan dukkanta gonar wani ce. Hura wuta a daji ko kusa da shi ma an hana daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba. Mai tanti ya biya kuɗin fili a sansani, ya samu banɗaki da kicin.

Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar, batun masauki ya haɗe da na biza. Norway ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Schengen, ƙasashen Turai masu biza ɗaya. Ana cike takarda a shafin hukumar shige da ficensu, UDI, a biya Yuro 90, a je a ba da hoton yatsu, a haɗa da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000 da shaidar wurin kwana na kowane dare. Ana iya nema tun saura wata shida, amsa kan ɗauki kwana 15, wani lokaci har 45. To, tunda ɗaki ake kamawa kafin a san amsar, a zaɓi wanda ake iya sokewa ba tare da asara ba ko da ya ɗan fi tsada, a kuma rubuta ranar ƙarshe ta sokewar. Tikitin jirgin ƙasa mai rahusa, wanda ba a mayar da kuɗinsa, a bari sai biza ta fito.

Layin dogon Oslo zuwa Bergen an buɗe shi a 1909, tafiyar kusan awa bakwai ce, kamfanin Vy ke gudanar da shi. Yana hawa har Finse, mita 1,222 sama da teku, inda a watan Yuni na ga ƙanƙara kwance a gefen dogo. Mai zuwa Flåm a Myrdal yake sauka ya canja jirgi, bayan kusan awa biyar. Myrdal tasha ce kawai a kan dutse, mita 866, motar haya ba ta zuwa, don haka ba wurin da za a so a rasa jirgi ba ne. A sayi tikitin Oslo zuwa Flåm a haɗe, a kuma kauce wa jirgin ƙarshe na yini, saboda idan na Oslo ya makara a samu wani a baya. Manhajar Entur tana nuna jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwa na ƙasar gaba ɗaya a wuri guda, da ita na jera lokutana. Akwai kuma tikitin dunƙule mai suna Norway in a Nutshell, wanda waɗannan jirage da motocin ne dai aka haɗa a takarda ɗaya, yana rage wahalar lissafi, amma wanda ya sayi kowanne da kansa ya fi samun damar zaɓen lokaci.

Daga Myrdal zuwa Flåm kilomita 20 ne, amma jirgin yana shafe kusan awa ɗaya, domin gangaren ya kai mita ɗaya a kowane mita 18. Yana ratsa ramukan dutse 20, goma sha takwas daga ciki da hannu aka haƙa su kafin a kammala layin a 1940. A magangarar Kjosfossen yana tsayawa kamar minti biyar a fita a gani. Feshin ruwan yana jiƙa dandamalin katakon, a taka a hankali, a rufe waya. Jiragen tsakar rana su ne mutanen manyan jiragen ruwa ke cikawa, na safe da na yamma sun fi sarari.

Tafiyar ruwa daga Flåm zuwa Gudvangen awa biyu ce, kuma ita ce zuciyar ziyarar. Jirgin da na shiga mai amfani da lantarki ne, an yi masa hanyar tafiya mai karkace a jikinsa ta waje yadda kowa zai samu bakin ƙarfe ya tsaya. Rashin ƙarar inji ya sa ana jin zubar ruwa daga duwatsu tun kafin a gan shi. Yakan biya Aurland, ya wuce Undredal inda ƙaramin cocin katako na ƙarni na 12 yake, mai ɗaukar mutum 40 kacal. Gaba kaɗan, can sama a kan gefen dutse, akwai gonar Stigen, wadda ake ba da labarin cewa a da sai da tsani ake hawa, idan mai karɓar haraji ya taho sai a janye tsanin. A dutsen Beitelen jirgin ke karya kwana ya shiga Nærøyfjord, daga nan duwatsun ke matsowa, wasu sun haura mita 1,000 a tsaye, ruwan ya koma kore mai duhu. Wajen Bakka, inda wani farin coci yake a bakin ruwa, nan ne ya fi matsewa, har mutum ya ga kamar babu mafita a gaba.

Sanyin kan ruwa daban yake da na tudu. Ko da rana ta fito ana jin daɗin gari, iskar da ke bin kwarin tana ratsa riga. Na sa riga mai dogon hannu, da rigar ulu, da rigar ruwa mai tare iska a sama, da hular sanyi, kuma duk sun yi aiki. Laima ba ta da amfani a nan, iska ke juya ta. Shafin yr.no na hukumar yanayinsu yana ba da hasashe awa bayan awa, sai dai kada a soke tafiya don an ga alamar ruwa. Bayan ruwan sama ne magangarun ke cika, hazo ya rataya a tsakiyar duwatsu, a ganina ma ya fi kyau a haka. Abin da hazo ke ɓatawa shi ne kallo daga sama.

Wannan ya kawo ni Stegastein, dandamalin da aka buɗe a 2006, ya miƙo mita 30 daga jikin dutse, mita 650 sama da Aurlandsfjord, ƙarshensa gilashi ne. Amfanin kwana biyu ke nan: ranar da sama ta washe a hau, ranar da ta rufe a shiga jirgin ruwa. Akwai ƙaramar bas daga Flåm da Aurland, kuma ita nake ba baƙo shawara. Hanyar siririya ce mai lanƙwasa da yawa, a wurare da dama mota biyu ba sa giftawa sai a wuraren kaucewa masu shuɗin allo da harafin M. Mai tuƙi da kansa ya sauko da ƙaramar giya, domin taka birki tun daga sama har ƙasa yana sa shi ya yi zafi ya daina kamawa. Fitilar mota a kunne take dare da rana, doka ce. Daga Aurland ne kuma ramin Lærdal ya fara, kilomita 24.5 a cikin dutse, an buɗe shi a 2000, an yi masa manyan koguna uku masu haske daban don kada barci ya ɗauki direba.

Abinci a gidan cin abinci yana da tsada ƙwarai, shi ya sa kicin a masauki ya zama rabin tattalin tafiyar. Kantunan Kiwi da Rema 1000 da Extra su ne masu sauƙi, kuma gara a yi babbar sayayya a Oslo ko Bergen ko Voss. Yawancin manyan kantuna a rufe suke ranar Lahadi. Ruwan famfo ana sha, mai sanyi ne mai daɗi, gora ɗaya ta isa. Kalmomin da Musulmi zai haddace a jikin kwali su ne svin da svinekjøtt, wato alade, da skinke, da bacon, sannan leverpostei, wani abin shafa wa burodi da galibi da hantar alade ake yi. Laks da torsk kifi ne, egg ƙwai ne. Naman halal a unguwar Grønland ta Oslo ake samunsa cikin sauƙi, a bakin fiyod kada a sa rai. Kada kuma a ɗauko kilishi ko dambun nama ko man shanu daga gida, an hana shigo da nama da kayan madara daga wajen yankin Turai. Cukun akuya na Undredal, mai launin ƙasa da zaƙi kamar alewar madara, a yanka shi siriri a ɗora a burodi.

Salla a watan Yuni tana buƙatar shiri. Rana kan faɗi wajen sha ɗaya na dare ta fito wajen huɗu na asuba, kuma jan sararin yamma ba ya gushewa gaba ɗaya kafin alfijir, don haka manhajojin waya suna ba da lokutan Isha da Asuba masu saɓa wa juna. Na bi jadawalin masallacin Bergen, matafiyi kuma yana da sauƙin ƙasaru da jam'i. Alƙibla kudu maso gabas take. Hasken daren yana hana barci idan labulen ɗakin marar kauri ne, ƙyallen rufe ido yana magance wannan.

Kuɗinsu krone ne, ba Yuro ba, kuma kusan komai da kati ake biya, har banɗakin tasha. A gwada katin a sayayyar ƙasar waje tun a gida, a riƙe na biyu. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, mai cajar Najeriya mai ƙafa uku sai ya zo da mahaɗi. Lambar gaggawa 112 ce ta 'yan sanda, 113 ta motar asibiti.

Ranar fita na bar Aurland da jirgin safe zuwa Gudvangen, bas ta kai ni Voss, jirgin ƙasa kuma ya ƙarasa da ni Bergen cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Wanda zai koma Flåm daga Gudvangen bas ce ta minti 20 ta ramuka biyu, babban cikinsu kilomita 11.4, kuma a sayi tikitinta tare da na jirgin ruwan domin kujerun a ƙidaye suke. A watannin zafi akwai jirgin ruwa mai sauri tsakanin Flåm da Bergen, kusan awa biyar da rabi, yana bin Sognefjord har bakin teku. Ko ta wace hanya aka bi, a kwana a Bergen kafin ranar tashi, kada a haɗa jirgin ruwa da bas da jirgin ƙasa da jirgin sama a yini ɗaya, domin zaftarewar dutse ko gyaran rami na iya rufe hanya na sa'o'i. Bergen gari ne mai yawan ruwan sama, rigar ruwan ta zauna a saman jaka. Gidajen katakon Bryggen da ke bakin tashar ruwa a kan cinikin busasshen kifin arewa aka gina arzikinsu, irin kifin nan mai tauri kamar itace da har yau Najeriya ke cikin manyan masu sayensa. Daga tsakiyar gari ƙaramin jirgin ƙasa mai suna Bybanen yana kai mutum filin jirgin saman Flesland cikin kusan minti 45.